Yadda zaka biya kuɗin likitan haƙori da HSA ko FSA a Amurka

Jama'ar mu dake zaune a Amurka, musamman waɗanda basu daɗe da zuwa ba, da yawa sai ranar da haƙori ya tashe su cikin dare suke gano cewa inshorar lafiyar da ake cire musu kuɗinta duk wata bata ɗauki baki ba. Ta haƙori daban ake saye, kuma ita ɗin ma tana da iyaka, yawancinsu tsakanin dala 1,000 ne zuwa 2,000 a shekara, da ka kai nan kamfani ya janye hannunsa sauran kai da aljihunka. Aiki ɗaya mai nauyi, a wanke maka tushen turmi a saka masa hula, ya isa ya lashe wannan kuɗin kaf. To wancan ragowar da ya faɗo kanka shi muke magana, don akwai hanyar biyansa da kuɗin da gwamnati bata yanki haraji a kai ba, kuma halak malak ne a doka, sai dai yana da ƙa'idoji, kuma rabin dabarar sanin lokaci ne.

Da farko ka san wanne asusu kake da shi

Iri uku ne zasu shafe ka. Na farko HSA, asusun ajiyar kuɗin magani da ba a yanka wa haraji, wanda shugaba George W. Bush ya sa wa dokarsa hannu a Disambar 2003 aka fara aiki da shi a 2004. Wannan naka ne na kanka, kuɗin baya ƙonewa, ko ka bar aiki ko ka koma wata jiha yana nan yana jiranka. Sharaɗinsa shine inshorar lafiyarka ta zama irin mai babban didoktibul ɗinnan, wato wadda sai ka fara biyan kuɗi mai kauri da kanka kafin kamfani ya shigo, suna kiranta HDHP. A 2026 didoktibul ɗin sai ya kai aƙalla dala 1,700 in kai kaɗai ne, ko 3,400 in da iyali. Abin da zaka iya zubawa a asusun a 2026 shine dala 4,400 ga mutum ɗaya, 8,750 ga iyali, in kuma ka kai shekara 55 an ƙara maka 1,000. Duk abin da kamfaninku ya zuba maka a ciki shima yana cikin wannan lissafin, kar ka manta da shi.

Na biyu FSA, shima asusun kuɗin magani ne da ake cirewa daga albashi kafin haraji, wannan na wurin aiki ne kawai, iyakarsa dala 3,400 a 2026. Shi kam kamar data ne mai wa'adi, in baka cinye ba lokaci ya yi ya tafi. Wasu kamfanonin suna bari ka tsallaka da har dala 680 zuwa shekara mai zuwa, wasu suna ƙara maka wata biyu da rabi zuwa 15 ga Maris, ɗaya daga ciki ne ba duka biyun ba, wasu kuma ko ɗaya basa bayarwa. Amma yana da wani daɗi da HSA bashi da shi, duk kuɗin da ka ce zaka saka a shekara yana hannunka tun ranar farko. Ka zaɓi 2,400 a shekara, ana cire maka 200 duk wata, amma ranar 5 ga Janairu zaka iya kashe 2,400 ɗin gaba ɗaya a wurin likita, ba ruwa ba komai a kai.

Na uku shine wanda mutane basu cika sani ba kuma a ganina shine ya fi dacewa da wannan maganar, ƙaramin FSA da aka keɓe wa haƙori da ido kawai, a takardun aiki zaka ganshi da sunan LPFSA. Doka bata yarda ka riƙa zuba kuɗi a HSA alhali kana da FSA na gama-gari ba, amma wannan na haƙori da ido an yarda ka haɗa su. Kaga kenan haƙori da tabarau su ci daga can, HSA ɗinka ya zauna yana taruwa.

Ka shiga shafin ma'aikata na kamfaninku ko ka duba takardar albashinka, zaka ga layin da ake cirewa. In baka gane ba ka tambayi ƴan HR, wato ofishin kula da ma'aikata, kai tsaye, aikinsu kenan, ba wata alfarma zasu maka ba.

Ƴan uwa masu jan Uber da tasi da masu shago, ku FSA babu ku tunda baku da mai biyanku albashi, amma HSA kuna ciki. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta sa daga Janairun 2026 duk inshorar matakin Bronze da ta Catastrophic da aka saya a kasuwar Obamacare, wato shafin gwamnati na sayen inshorar lafiya, ta cancanci HSA, da ba haka abin yake ba. Sai ka je ka buɗe da kanka a kamfanonin da ke riƙe asusun irin Fidelity ko Lively, ka riƙa zubawa daga bankinka, lokacin cike haraji a zare maka shi daga kuɗin shigarka. Wanda yake kan inshorar gwamnati, Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi ko Medicare ta tsofaffi, bazai iya zuba sabon kuɗi ba, amma in yana da tsohon kuɗi a ciki zai iya kashewa. Inshorar haƙori ita kaɗai bata hana ka HSA, wannan kar ya dame ka.

Wani tarko da yake kama ma'aurata: in madam tana da FSA na gama-gari a nata wurin aikin, kai ma ya rufe maka ƙofar zuba kuɗi a HSA, ko da baka taɓa amfani da katinta ba, saboda a doka asusun nata ya ɗauke ka. Ku zauna ku haɗa takardu kafin kowa ya danna komai.

Na biyu, ka karɓi lissafin aikin a rubuce

Kar ka zaɓi adadin kuɗi da ka. Ka je a duba bakin a ɗauki hoto, dama yawancin inshorar haƙori suna biyan dubawa da wanki gaba ɗaya, ciko kusan kashi 80, manyan ayyuka irin hula da haƙoran roba kusan kashi 50. Bayan likita ya gama ka ce a buga maka jerin aikin da yake so ayi, kowanne da lambarsa da kuɗinsa. Lambobin duk da D suke farawa, D1110 wankin haƙorin babba ne, D7140 cire haƙori, D3330 wanke tushen turmi, D2740 hular tangaran, D6010 dasa ƙarfe a muƙamuƙi. Daga nan ka roƙi mai zama a kanta ta tura wa kamfanin inshora su faɗi nawa zasu biya kafin a fara aiki. Yakan ɗauki ƴan makonni amma takardar da zata dawo ita zata nuna maka naka kason baƙi da fari. Ka kuma tambaya ko inshorar tana da lokacin jira, wasu sai ka yi wata shida ko shekara da su kafin su taɓa babban aiki.

In kuɗin ya maka yawa ka nemi ra'ayin wani likitan, ko ka gwada makarantun koyon aikin haƙori, irin ta jami'ar NYU da Columbia a New York ko ta Howard a Washington, ɗalibai ne ke aikin malamansu na tsaye a kai, akwai sauƙi sosai sai dai ka shirya zaman awanni. Kuɗin can ma asusun yana biya.

Na uku, ka tace abin da ya halatta

Hukumar haraji ta IRS ta jera su a littafinta mai lamba 502, ƙa'idojin asusun kansu kuma suna cikin mai lamba 969. Ma'aunin dai ɗaya ne, magani ne ko riga-kafi, ko kuwa kwalliya ce. Wanki, hoto, ciko, cire haƙori, wanke tushe, hula, dashe, haƙoran roba, maganin ciwon dasashi, wayar daidaita haƙoran yara da ta manya, allurar kashe zafi, maganin da likita ya rubuta, duk sun shiga. Har kuɗin zuwa asibitin, fakin da kuɗin bas ko jirgin ƙasa, in da motarka ka je a 2025 santi 21 ake lissafawa kowane mil.

Abin da bai shiga ba: bilicin haƙori. Wannan an kira sunansa ƙarara a littafin, don haka Alhaji in jan goro ne ya dame ka ka biya da aljihunka. Man goge baki, buroshi, zaren sakace, asuwaki, duk babu, an ɗauke su kayan tsafta na yau da kullum. Haƙorin Makka ma haka, in lafiyayyen haƙori aka lulluɓe da zinare don a san an sauke farali to ado ne, amma in haƙorin ya lalace ne likita ya ce sai hula kuma aka yi ta zinare, wannan magani ne. Kuɗin da kake biyan inshorar haƙorin duk wata shima FSA baya biya, HSA ma baya biya sai a wasu ƴan yanayi kamar in kana karɓar kuɗin rashin aiki ko kana kan COBRA, wato tsarin ci gaba da inshorar wurin aiki da kuɗinka bayan ka bar aikin.

In ka goga katin HSA a abin da bai halatta ba, za a lissafa kuɗin cikin kuɗin shigarka ka biya haraji, sannan tara kashi 20 a kai in baka kai 65 ba. In kuskure ne ka kira masu riƙe asusun da wuri ka ce zaka mayar, akwai fom na hakan.

Sai maganar wa zaka biya wa. Kai, matarka ta doka, da waɗanda kake sakawa a takardar harajinka a matsayin suna ƙarƙashinka. FSA ya ɗan fi sassauci, yana ɗaukar ɗanka har ƙarshen shekarar da ya cika 26 ko da yana aikinsa, HSA kuwa sai in har yanzu yana cikin takardar harajin. Nasan tambayar da take zuwa, Hajiya tana Kano tana buƙatar haƙoran roba. Gaskiya bazai yiwu ba, don kafin mutum ya shiga ƙarƙashinka a haraji sai ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Ka tura mata ta hanyar da ka saba, Allah ya bada lada. Amma in tana tare da kai a nan da girin kat kuma kai kake ɗauke da fiye da rabin hidimarta, to ta shiga.

Na huɗu, zaɓen adadi

Yawancin kamfanoni suna buɗe zaɓen inshora a watan Oktoba ko Nuwamba, in ya wuce FSA ya kulle sai wata shekarar, sai dai in wani babban abu ya faru kamar aure ko haihuwa ko sabon aiki. HSA kuwa kana iya ƙarawa ko ragewa a tsakiyar shekara, kuma kana da dama har 15 ga Afrilu ka cike na shekarar da ta wuce.

Bari mu yi misali da lambobi na ƙiyasi. A ce aikin turmi da hula ya kama dala 2,800, inshora ta biya 1,500 ta tsaya, saura 1,300 a kanka. In kana matakin haraji na kashi 22, sannan ga kashi 7.65 na Social Security da Medicare da shima ba a yanka in ta albashi aka cire, ka tsira da kusan dala 385 kenan, ban da harajin jiha. In kana matakin kashi 12 kusan 255 ne. Ba zai sa ka yi arziki ba, amma cefanen sati biyu ne da zaka bar wa gwamnati a banza. Lura, wannan 7.65 ɗin sai ta albashi ake samunsa, in da hannunka ka tura daga banki harajin kuɗin shiga kawai ka rage. Sannan mutanen Kalifoniya da New Jersey, jihohinku basu san da HSA ba, zasu karɓi nasu harajin.

Shawarata a FSA ka saka abin da ka tabbatar zaka kashe, wato kason da ke kan takardar nan da kuɗin tabarau in kana sakawa, kar ka yi zari ka cika shi don ka ga ana cewa ba haraji. HSA kuwa ka saka iya ƙarfinka, ba asara.

Na biyar, lokaci, nan ne kasuwar take

Abu ɗaya zaka riƙe: FSA ranar da aka yi aikin yake kallo, ba ranar da ka biya ba. Aikin da aka yi maka 20 ga Disamba bazaka biya shi da sabon kuɗin Janairu ba ko da takardar kuɗin a Janairun ta iso. HSA kuma ranar buɗe asusu yake kallo, duk aikin da aka yi kafin ka buɗe bai shiga ba har abada, duk wanda aka yi bayan ka buɗe ya shiga ko da a lokacin dala biyar ce a ciki. Saboda haka in ka cancanta ka buɗe yau ka jefa ko dala ɗaya ce, kafin ka je ganin likita ba bayan ka dawo ba. Daga baya in kuɗi sun taru sai ka biya kanka, babu wa'adi, ko bayan shekara goma ne muddin rasit yana hannunka.

Yanzu ga dabarar raba aiki. Iyakar inshorar haƙori tana sabuwa ne duk shekara, yawanci 1 ga Janairu, amma ka duba taka don wasu basa bin kalanda. In aikin mai matakai ne, sai ka ce wa likita a wanke tushen a Disamba a ci ragowar inshorar bana da ragowar FSA ɗin bana, a saka hular a Janairu da sabuwar iyaka da sabon FSA da ya cika tun ranar farko. Dashen haƙori ma dama can a rarrabe yake, a cire, a dasa ƙarfe, a jira ƙashi ya kama watanni, sannan hula, kaga da kansa yake tsallaka shekara. Masu kantar asibitocin nan sun saba da wannan, da ka faɗa zasu gane. Amma dan Allah likita ne zai ce jiran ba matsala, in baki ya kumbura ko akwai mugunya ko zazzaɓi ba maganar jiran Janairu, ciwon haƙori yana iya bazuwa ya kai mutum gadon asibiti.

Tsarin biya kuma kullum haka yake: inshora ta fara, sai FSA tunda shi ke ƙonewa, HSA a ƙarshe.

Wayar haƙoran yara tana da nata tsarin tunda aikin shekara biyu ne ko kusan haka, wasu masu riƙe FSA suna biyan kuɗin farko gaba ɗaya wasu kuma wata-wata suke bi, ka kira su ka ji kafin ka sa hannu a yarjejeniya da asibitin, sai ka tsara biyan ya ratsa shekaru biyu ko uku.

In kana shirin ajiye aiki, ka gama da haƙoranka tukuna. Ranar da ka tafi FSA ya tsaya, abin da ya rage ya koma wa kamfani sai in ka ci gaba ta COBRA, amma in ka riga ka kashe fiye da abin da aka cire maka basa binka bashi.

Na shida, biyan kansa

Za a baka kati mai kama da na banki, ka goga a kanta shikenan. Sai dai ni na fi son a jira takardar bayanin da inshora ke turowa bayan aiki, EOB, don wani lokacin asibiti yana karɓar ƙiyasi ne daga baya a ga ka biya fiye da kima, in an dawo da rarar to asusun ya kamata ta koma ba aljihunka ba. In asibitin ya dage sai ka biya a take, ka biya da katinka na yau da kullum, takarda ta fito sai ka shiga manhajar asusun ka nemi a mayar maka.

Rasit ɗin da ake so ba ƴar siririyar takardar injin kati bace. Wanda yake ɗauke da sunan mara lafiya, sunan asibiti, ranar aiki, irin aikin da kuɗinsa ake nufi. Masu FSA sukan turo saƙo su ce ka kawo shaida, in ka share su zasu toshe katin. Masu HSA basa tambaya, amma IRS na iya tambaya ko bayan shekaru, don haka ka ɗauki hoton kowane rasit tun kana cikin mota ka ajiye a folda ɗaya, ka riƙe aƙalla shekara uku bayan ka cike harajin shekarar da ka ciri kuɗin. FSA kuma yana da ranar rufe karɓar takardun shekarar da ta wuce, da yawa ƙarshen Maris ne, ka duba taku.

Za su tallata maka katin bashi na asibiti irin CareCredit su ce ba ruwa na wata kaza. Ka karanta da kyau, in wa'adin ya cika da ragowar ko kaɗan ne ruwan tun daga ranar farko ake ɗora maka, kuma asusun baya biyan ruwan bashi, kuɗin aikin kawai. Tunda an zo maganar ruwa, kuɗin dake zaune a HSA bankuna suna ɗan sa masa ruwa, wanda abin ya dame shi ya tambaye su ko za a iya kashewa, ko ya zuba a hannun jarin da aka tace bisa shari'a irin na Amana in asusunsa yana bada damar zaɓe, sauran bayani kuma na malamai ne.

In a gida za a yi aikin

Da yawa cikinmu sai sun je hutu suke gyara baki a Kano ko Kaduna ko Yamai ko Kumasi saboda sauƙi. Aikin likita da aka yi a wata ƙasa yana shiga muddin halastaccen aiki ne kuma irin wanda da a nan aka yi zai shiga. Katin ba lallai ya yi aiki a can ba, ka biya da naira ko sefa ko sidi, ka tsaya a rubuta maka cikakken rasit da hatimin asibiti, ka rubuta canjin dala na ranar a bayansa, ka dawo ka nemi kuɗinka. In rasit ɗin da Faransanci ne masu FSA na iya cewa a fassara. Tikitin jirgi dai kar ka saka, tafiyar ta ganin dangi ce haƙori ya biyo baya.

Lokacin haraji

Mai FSA bashi da wani fom, an riga an gama komai a albashi. Mai HSA zai samu takarda mai lamba 1099-SA a farkon shekara tana nuna abin da ya cira, abin da aka zuba ta wurin aiki kuma yana akwati na 12 a W-2, takardar albashin shekara da kamfani ke baka, da harafin W. Dole a cike fom 8889 a haɗa da takardar harajinka, a nan ne zaka nuna cewa kuɗin magani aka yi da su, in ba a cike ba IRS zata iya ɗaukar abin da ka cira a matsayin kuɗin shiga ta aiko maka wasiƙa. In wani ne yake cike maka haraji ka miƙa masa 1099-SA ɗin ka faɗa masa da bakinka kana da HSA, kuma kuɗin da asusun ya riga ya biya kar a sake lissafa shi cikin kuɗin magani da ake zarewa a Schedule A, fom ɗin jera rangwamen haraji, sau ɗaya ake cin rangwamen.